Jinjina ga Masu Taliya 'Yar Murji

A birnin Lanzhou na ƙasar Sin, da hannu ake jan kwaɓin alkama har ya zama taliya, a zuba mata romon naman shanu. Mu ma a Gusau muna da gwanayenmu, matan da ke murza taliya a tsakar gida. Su kwaɓa fulawa da gishiri, su ɗaure inji a benci, su yi ta juyawa har kafaɗa ta yi tsami, sannan su shanya a igiya. Washegari sai ka gan ta a tashar Tsafe ko Bungudu, da manja da yaji da wake, ɗan kamasho ya ƙoshi da kuɗi kaɗan. Sannunku da aiki, iyayenmu.