Maƙeran milimita

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ya san motar kara. Bayan girbi sai mu bazama gona mu kwaso karan dawa, mu ɓare ɓawon da haƙori, mu yanka totuwar gunduwa-gunduwa, mu yi ta soka wannan cikin wancan har mota ta tashi. Waɗanda hannunsu ya faɗa kuwa sun wuce kara, sun koma gwangwanin madara da waya da tsohon silifas, wanda ake yanka tayoyi da shi. Babu wanda ya taɓa tambayarmu ko tayar ta dace da girman motar. In dai ta gara, magana ta ƙare.

Na ɗauka na bar wannan wasa a can tare da ƙuruciya, sai da zama ya kawo ni Levenshulme, unguwar da titin Stockport Road ya ratsa a kudu maso gabashin Manchester. Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya daɗe da yin ritaya, yana da rumfar katako a bayan gida, kullum fitilarta a kunne har tsakar dare. Na yi wata shida ina zaton tattabaru yake kiwo. Ranar da ya gayyace ni ciki, tashar jirgin ƙasa na tarar sukutum a kan dogon tebur, da layukanta da gadarta da tarin kwal a gefe. Ya ce kada in kalle ta daga sama kamar shaho, in durƙusa in sa idona daidai da bakin teburin. Da na yi haka sai rumfar ta ɓace mini. Ga kan jirgi yana fitowa a hankali daga ƙarƙashin gada, jikinsa duk kunkunniya, ga wani ɗan mutum da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba yana jingine da shebur.

Abin da ya raba aikinsa da motar karanmu lamba ce guda ɗaya. Masu wannan sana'ar nishaɗi suna zaɓar ma'auni tun kafin su taɓa wuƙa, kuma daga nan komai sai ya bi shi. Ma'aunin da ya fi yawa a Ingila shi ne wanda suke kira OO, wato ƙafa ɗaya ta gaske ta koma milimita 4, kashi ɗaya cikin 76.2 ke nan. Mutum mai matsakaicin tsawo zai zama milimita 23. Kaurin bulon ginin Manchester, jan bulon nan da ya cika unguwarmu, bai kai milimita ɗaya ba. Taragon fasinja mai mita 20 zai koma santimita 26, kilomita ɗaya kuwa mita 13. Akwai masu bin N, kashi ɗaya cikin 148, don gidansu ƙarami ne, akwai masu bin O, milimita 7 a kowace ƙafa, waɗanda galibi ido ya fara gajiya ko aljihu ya yi nauyi. Masu haɗa jiragen sama sun fi son kashi ɗaya cikin 72, inda fikafikan Lancaster, jirgin yaƙin da kamfanin Avro na Manchester ya ƙera, suke komawa santimita 43.

Lissafin bai tsaya ga tsawo ba. Gudu ma yana da nasa: jirgin da ke cin kilomita 100 a awa, a kan tebur santimita 36 zai yi a daƙiƙa, shi ya sa ake gane sabon shiga da zarar ya kama linzami, don sai ya sa jirgi ya yi ta tsere kamar ɓera. Nauyi kuma ya fi ban mamaki, domin shi sau uku ake raba shi, ta tsawo da faɗi da tsayi. Tarago mai tan 10 zai koma giram 23 kacal, ba zai zauna daram a kan layi ba, dole a ɓoye masa ɗan guntun dalma a ciki.

To, ga inda gardamar take, kuma gardama ce da ta haura shekara 80. Faɗin layin dogon Ingila milimita 1,435 ne. In ka raba da ma'aunin OO za ka sami 18.83. Amma layin da ake sayarwa a kanti milimita 16.5 ne. Dalilin tarihi ne: a shekarun 1920 da 1930 ƙananan injinan lantarki ba su ƙanƙance sosai ba, jiragen Ingila kuma jikinsu siriri ne, injin ba ya shiga. Sai masu kamfanoni suka ɗan kumbura gangar jirgin, suka bar layin yadda yake. Kamfanin Meccano na Liverpool ya bi wannan tsari da jiragensa na Hornby Dublo a 1938, ƙasa duka ta bi. Bambancin milimita 2 ne da ɗan ɗoriya. Ni da kai ba za mu gani ba. Amma akwai mutanen da wannan ɗan giɓi ya hana su barci, har suka daina sayen layin kanti, suka koma shimfiɗa nasu da hannu, katako bayan katako, suna sauya ƙafafun kowane jirgi. Wasu suka tsaya a 18.2, ana ce musu 'yan EM. Wasu suka ce sai 18.83 cif, su ne 'yan P4. Maƙwabcina ɗan EM ne, kuma yadda yake maganar 'yan P4 sai ka rantse maganar saɓu da ƙablu ake yi.

Da farko dariya abin ya ba ni. Daga baya na gane cewa irin wannan taurin kai shi ke haifar da gwaninta. Ƙungiyar Manchester Model Railway Society, wadda aka kafa a 1925, tana cikin tsofaffin irinta a duniya, kuma wani ɗanta mai suna Alex Jackson ya warware wata matsala da ta daɗe tana damun kowa a ƙarshen shekarun 1940. Ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago, in an yi ta daidai ma'auni, yatsa ba ya iya sarrafa ta. In an yi ta babba kuma sai ta ɓata kyan jirgin. Jackson ya ɗauki siririyar waya mai tauri, irin tsirkiyar jita, ya lanƙwasa bakinta a wata kusurwa ta musamman, ta yadda taragu biyu in sun haɗu sai wayoyin su saƙale da kansu. In ana so a raba su, maganaɗisun da aka binne a ƙarƙashin layi shi zai ja ɗaya ƙasa. Daga nisan taku biyu ba ka ganin komai, sai dai ka ga jirgi ya ajiye tarago ya wuce kamar da aljani a ciki. Har yau da sunansa ake kiran wannan ƙugiya, kuma har yau da awartaki ake lanƙwasa ta.

Sai dai abin da ya fi burge ni ya zo bayan an gama awo. Samfurin da aka gama haɗawa aka yi masa fenti yana sheƙi, abin wasan yara ne. Kafin ido ya yarda da shi sai an tsufar da shi, kuma nan ne ake gane wanda ya iya kallo. Ina tsatsa take fara cin tarago? A gindin ƙusoshi da inda ruwa ke kwanciya, kuma ƙasa take zuba, layi-layi. Ina hayaƙi ke baƙanta gada? A saman tsakiyar kowane layi, inda bututun ke wucewa. Dattijon nan yakan tsarma fenti da ruwa har ya koma kamar ruwan shayi, ya bar shi ya gangara cikin tsagogi. Sannan ya ɗauki burushi ya goge fentin a tsumma har ya kusa bushewa, ya shafa sama-sama don gefuna su fito. Garin alli mai launin ƙasa shi ne ƙura. Ba ya amfani da baƙi tsantsa ko kaɗan, domin a cewarsa abin da ka hango daga nisan mita 76 iska ta riga ta dusashe launinsa, mai kallon samfuri daga mita ɗaya kuwa daga can yake kallo. Tsakuwar layi ana zuba ta a bushe, a daidaita da burushi, sannan a ɗiga mata gam da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa ba tare da ya motsa ta ba. Ciyawa kuwa zaren nailan ne ƙanana da ake caja da lantarki su faɗo a tsaye kan gam.

Kuma gwanin ya san inda zai yi ƙarya. Tasha ta gaske da filin ajiye taragunta takan kai rabin kilomita, wato fiye da mita 6 a tebur, rumfarsa kuwa ba ta kai haka ba. Sai ya rage tagogi biyu daga ginin, ya gajarta dandamali, ya yi gidajen baya ƙanana fiye da na gaba don su yi kamar suna nesa. Mutumin da ba zai yafe milimita 2 a layi ba, ya haɗiye mita 200 na fili bai ko yi tari ba. Na tambaye shi, ya yi dariya kawai.

Ba a koyon wannan duka daga littafi, kuma babu mai iya shi duka shi kaɗai. Babban shimfiɗi na buƙatar kafinta da mai wayar lantarki da mai walda da dalma da mai fenti, da kuma wani mai haƙurin tono tsofaffin hotuna da taswirori don a san irin fitilar da ke tashar a 1955. Shi ya sa ake ƙungiya. Ana haɗuwa da yamma a mako, a dafa shayi, kowa ya kama ɓangarensa, sabon shiga a ba shi aikin tsakuwa kamar yadda ake fara ɗan maƙera da zuga. A wajen baje koli kuma sai a raba shimfiɗin allo-allo, a loda a mota, a sake haɗawa, a yi ta tuƙa jirage bisa jadawali kwana biyu. Masu haɗa jiragen sama da tankoki na roba suna da tasu ƙungiyar, IPMS, da aka kafa a Ingila a 1963, wadda ke babban taronta a Telford duk watan Nuwamba.

Akwai damuwa, gaskiya. Ƙungiyar Warley ta yankin Birmingham ta yi kusan shekara 30 tana shirya baje kolin da ya fi kowane girma a ƙasar a zauren NEC, amma bayan na 2023 ta sanar da dainawa, tana mai cewa masu aikin sa kai sun manyanta. A farkon 2024 kuma Hattons, tsohon kantin Liverpool da ke sayar da kayan tun 1946, ya rufe. Furfura ta yi yawa a zaurukan. Sai dai matasan da ke shigowa sun zo da nasu kayan aiki, suna zana tarago a kwamfuta, na'ura ta fitar da shi da roba, sannan su kawo wa tsofaffin su koya musu sa masa tsatsa.

Unguwarmu tana da tata hujjar cewa abin ba ɓata lokaci ba ne. Norman Foster, mai zanen gine-ginen da ya ɗora ƙubbar gilashi a kan majalisar dokokin Jamus a Berlin, a Levenshulme ya girma, tagar ɗakinsa tana kallon layin dogo, yaro mai son jirage da haɗa samfura, mai zaman ɗakin karatun unguwa. Tsohon layin Fallowfield Loop ma yana nan, ya koma hanyar keke, tashar Levenshulme ta kudu da aka daina ɗaukar fasinja a cikinta a 1958 ta zama wurin shan shayi. Jiragen da suka bi ta wurin yanzu sai a kan teburan irin su maƙwabcina.

Shi ne kuma ya sanar da ni abin da ban sani ba game da gida. A Gorton, tafiyar 'yan mintuna daga nan, kamfanin Beyer, Peacock ya yi ta ƙera kawunan jirgi daga 1854 zuwa 1966, cikinsu har da dogayen nan masu gaɓoɓi da ake kira Garratt, waɗanda aka yi wa Najeriya wasu a shekarun 1930. Tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne. Dattijon ya ɗauki fensir ya raba da 64, ya turo mini takardar: 16.7. Wato layin kantin nan mai 16.5 da ya ƙi dacewa da jiragen Ingila, ya kusa zama cif ga jirgin Kano in aka bi ma'aunin kashi ɗaya cikin 64, kamar yadda masu kwaikwayon jiragen New Zealand suke yi.

Ya ba ni guntun layi mai tsawon hannu da allo ɗaya. Na fara da tarago guda na kwali da ɗan fili a gefensa inda dalar gyaɗa za ta tsaya. Kowane buhu zai yi kamar ƙwayar wake, kuma sai na murza su ɗaya-ɗaya da yumɓu. Na yi 140 zuwa yanzu, ko gindin dalar ban rufe ba. Launin ƙasar ne ya fi ba mu wahala: duk jan da ya haɗa sai ya fito kamar bulon Manchester, ni kuma ina ta ce masa a ƙara ruwan ƙasa, a ƙara fari, na hunturu nake so. Na aika wa ƙanena ya auno mini ƙasar Fagge cikin gwangwanin madara, in mai zuwa ya samu ya taho da ita.