Jinjina ga Masu Haɗa Tagar Alminiyam a Jambutu

In ka bi ta Jambutu a watan Afrilu, rana na dukan Jimeta, za ka ji ƙarar injin yanka tun kafin ka hango rumfar. Maigida ya auna, ya ja layi da fensir, yaronsa na riƙe da ƙarshen sanda, garin alminiyam fari fat na zuba masa a ƙafa.

Sandunan nan sun sha wuya kafin su iso. A masana'anta ake gasa curin alminiyam har wajen digiri 450, a matsa shi ta bakin ƙarfe mai huda, ya fito kamar taliya daga inji. Daga nan a tsoma shi a ruwan asid, a sakar masa lantarki, ya yi fata mai taurin da damina ba ta ci.

Ni kuwa bakin masu haɗa tagar ke burge ni. Silaidin, kesmen, firem, roba, taya: sun lanƙwasa kalmomin baƙi har sun zauna daram a Hausa. Ga ido wajen awo, don kuskuren milimita biyu kan hana gilas shiga.

Sannunku da aiki, Allah ya yi wa hannuwanku albarka. Mai gini, ka biya su haƙƙinsu cif.