Gemun Auduga: Nazari a Kan Tashen Yara

Duk shekara, da zarar goman marmari ta wuce aka shiga goman wuya, sai maganar tashe ta taso, kuma a 'yan shekarun nan ba da daɗi take tasowa ba. A Kano rundunar 'yan sanda ta sha fitar da sanarwar hana shi, bisa dalilin cewa ɓata-gari na fakewa da shi su yi faɗan daba da ƙwacen waya. Wasu masu wa'azi na ganin shagala ce a watan ibada. Akwai kuma iyayen zamani da suka yanke masa hukunci da kalma guda, wai bara ce. Waɗannan na ƙarshen su suka fi yi wa tashe illa, domin su suka sa yaro ɗan shekara 13 yake jin kunyar a gan shi da gemun auduga a bakin layinsu.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zance. Tashe ɗan azumi ne, saboda haka bai girmi kafuwar Musulunci a ƙasar Hausa ba, wadda a Kano ake dangantawa da zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Aikinsa na farko tayar da mutane sahur. Daga baya ya sauko farkon dare, bayan an sha ruwa jiki ya saki, ya kuma rarrabu: akwai na manya, irin tashen gwauro da Nalako ke jagoranta a birnin Kano, akwai na yara maza, akwai na 'yan mata. Fatake sun kai irinsa nesa, don wasan Dodo da yara ke yi a Wagadugu cikin azumi Hausawa 'yan kasuwa ne suka kai shi can. Muhammad Balarabe Umar ya tattara da dama daga cikin wasannin a littafinsa Wasannin Tashe. Sai dai yawancin masu nazari a jami'o'inmu sun saba ajiye tashe a babin farko na kundi, su kira shi tushen wasan kwaikwayon Hausa, daga nan su zarce zuwa littattafan Shu'aibu Maƙarfi da fim ɗin Turmin Danya na 1990, kamar dai tashe ya gama aikinsa tun da ya haifi waɗannan. Ban yarda da wannan karatu ba. Tashe yana da dabararsa ta kansa wadda ba a littafi take ba, kuma masu wannan dabara yara ne.

A lura da waɗanda ke riƙe da shi. Ɗan shekara bakwai ɗan rakiya ne, shi ke riƙe ƙwaryar hatsi ko fitila. Saurayin da ya kai shekara 17 ya fara ganin girmansa ya wuce a shafa masa gawayi. Tashen yara na 'yan shekara 11 zuwa 15 ne, waɗanda an daina goya su amma ba a fara shawara da su ba. Wannan tsakanin shi ne lokacin da yaro ke fara gano cewa abin da manya ke faɗa daban, abin da suke aikatawa daban. Yana gani, yana ji, amma tarbiyyarmu ba ta ba shi bakin faɗa ba. A ganina duk ginin tashe a kan wannan matsala yake.

Dubi tashen malamin da ake zargi da rawa. Yaro ɗaya ya sa riga da rawani, ya rataya allo, ya riƙe carbi, an liƙa masa auduga a haɓa. Sauran yara sun kewaye shi suna buga gwangwani. Su suna tuhumarsa da cewa an gan shi yana rawa, shi yana musantawa. Idan maganar baki kawai za a bi, wasan ba shi da komai: zargi ɗaya, musu ɗaya, ana ta maimaitawa. Wanda ya karanta shi a takarda zai ce ina abin dariya a nan? Abin dariyar a jikin yaron yake. A zagayen farko malam yana tsaye ƙyam, fuska a murtuke, yana shafa gemu don a san shi ba sa'an yara ba ne. A na biyu bakinsa na nan a kan musu, amma kafaɗa ɗaya ta fara amsa kiɗa. Ya lura, ya danne ta da hannu, ya harari 'yan amshi. A na uku ƙafa ta shiga. Yana ɗaga allo sama a matsayin shaidar mutuncinsa, alhali ƙugunsa yana ta tona masa asiri. Kafin a ankara malam ya tiƙi rawa, rawani ya warware, matan gida suna riƙe ciki.

Gwanin yaro a nan shi ne mai haƙuri. Wanda bai iya ba yakan fashe da rawa tun daga shigowa zaure, sai wasan ya mutu a take, domin ba sauran abin jira. Wanda ya iya yana ja wa masu kallo rai, yana ba su kaɗan yana janyewa, yana karantar fuskar uwargida ya ga ko ta kusa sakin dariya. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa wannan. Ya gani ne a wurin yayyensa bara, ya gwada a gida biyar aka ba su dawa ba dariya, a gida na shida ya gano inda zai tsaya ya yi shiru. A dare ɗaya zai maimaita wasan a gidaje masu yawa, kowane da irin mutanensa, kuma hukuncin nan take yake fitowa a nauyin ƙwarya.

Wannan rata tsakanin baki da jiki ita ce jijiyar tashe, kuma da ka gane ta za ka riƙa ganinta ko'ina. A Danda Dokin Kara, yaro ya shiga cikin dokin da ya haɗa da karan dawa da tsummoki, yana ɗaga kai yana jan linzami da isa irin ta ɗan sarki ranar hawan daushe, ga ƙafafunsa nan biyu a ƙasa, fururu da ƙura. A Jatau Mai Magani, boka yana lissafa magungunansa da cututtukan da suke kashewa da murya mai cike da tabbaci, jakarsa kuwa ganyen da aka tsinko a bayan gida ne da ƙullin toka. Jatau yana da wani armashi na daban, domin jerin nasa a buɗe yake: amshi ba ya canzawa, amma jagora na iya cusa sabon magani da sabuwar cuta a kowane gida, kuma a nan ake gane yaro mai kaifin baki. A Tsoho da Gemu, yaro ɗan shekara 12 ya duƙa a kan sanda yana kakkarwa, ana nema masa taimako don ƙarfinsa ya ƙare, kowa kuma ya san ƙafafun nan su suka tsallake kwata a guje yanzun nan. 'Yan mata ma haka. A Mairama da Daudu yarinya ce ke saka babbar riga da hula ta zama miji, tana taku da gyaran murya irin na maigida. Masu nazari sukan ce wasan yana koya wa 'yan mata biyayyar aure, kuma akwai wannan a cikin kalmominsa. Amma duk wanda ya ga yadda matan gida ke kallon Daudun nan ya san abin da suke wa dariya. Yarinyar ta daɗe tana lura da mahaifinta ko mijin yayarta, yau ta samu filin nuna abin da ta gani.

'Yan amshi kuwa su ne gari. Ba sa sauya magana, ba sa jin lallashi, abin da suka gani shi suke maimaitawa har mai musu ya gaji. A sauran watanni goma sha ɗaya babba ke tuhuma yaro ya sunkuyar da kai. A waɗannan darare yara ke tuhuma, kuma babban da ake kwaikwaya shi zai sa hannu a aljihu ya ba da tukwici. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Tashe ya ƙara da cewa yaro ma yana da gaskiyar da zai faɗa, an kuma yanka masa lokaci da iyaka, gemun auduga ya zama katanga tsakaninsa da rashin kunya. Wanda ya kalli barkwancin marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro zai ga dabarar nan ce dai: mutum yana iƙirarin girma, shigarsa da motsinsa suna ƙaryata shi.

Masu cewa bara ce ba su taɓa zama kusa da yaran da ke shiri ba. Tun kwana uku ko huɗu kafin goma ga wata ake neman kara mai kauri, a fere shi, a ɗaure da zare ko tsumma, a rufa masa tsohon zane. Ana roƙon tsohuwar riga a wurin kaka, ana tsinko auduga daga yagaggen matashi, ana gardamar abin da zai riƙe gemu kada ya faɗi tsakiyar wasa. Ana rabon aiki: wane ne jagora, wa zai yi kiɗa, wa zai yi sallama, wa za a amince wa ya riƙe kuɗi. Ana tsara layukan da za a bi da gidajen da ba a shiga. A ƙarshe a sayar da hatsin da aka tara a raba, kuma rabon nan kansa makaranta ce, don jagora zai ce shi ya fi wahala, mai kiɗa ya ce ba don shi ba da ba a yi ba. Mabaraci yana miƙa hannu ne ba tare da ya kawo komai ba. Waɗannan yara sun kawo wasa har tsakar gida, abin da aka ba su ladan aiki ne. Ina wani abin da ɗan shekara 13 ke yi a yau wanda shi ne mai tsarawa, shi ne mai ɗinki, shi ne ma'aji, ba malami ba uba a kansa? Gidan kallon ƙwallo zama ne a biya a kalla. Waya ma kallo ce. Ƙwallon layi ce kaɗai ta kusa, ita kuwa 'yan mata ba su da rabo a cikinta.

Shi ya sa ba na murna da tashen da ake shiryawa a dandamalin makaranta ranar bikin al'adu, ko wanda manya ke ɗauka a bidiyo su sa a TikTok. Da malami ya rubuta abin da za a faɗa ya raba wa ɗalibai, kaya na nan, kiɗa na nan, amma idon yaron ya fita daga ciki, kuma idon nan shi ne tashen.

Maganar masu wa'azi gajeriya ce. Tashen malam ba ilimi yake wa dariya ba, mai faɗa ba ya aikatawa yake wa, kuma wannan jigo ne da malaman kansu ke wa'azi a kai. Idan lokaci ne damuwar, tarawihi ba ta cinye dare duka.

Batun tsaro shi ne mai nauyi, kuma ba na raina shi. An ji wa mutane rauni, an ƙwace musu dukiya, hukuma ba za ta naɗe hannu ba. Amma mai ɗauke da wuƙa ba shi ne yaron da ya kwana uku yana ɗaure dokin kara ba. Ɗan daba ba ya buƙatar goma ga azumi kafin ya fito, kuma hana tashe bai mayar da shi gida ba. Wanda ya koma gida shi ne ƙaramin mai gemun auduga, da yarinyar da ta ari hular babanta.

Kirana ga masu unguwanni da dagatai ne, domin su suka san yaran kowane gida. Ku nema wa 'yan ƙasa da shekara 15 izini su yi tashe a cikin unguwarsu, a lokacin da aka ƙayyade, ba sanda ba makami, da wani babba yana biye da su daga nesa ba tare da ya sa musu baki a wasan ba. Ku kuma iyaye, idan suka yi sallama a ƙofarku bana, ku ce su shigo, ku zauna ku kalla har ƙarshe kafin ku ba su abin da ya sawwaƙa.