Baƙon da ya ga tuwo bai ga rumbu ba: André Gide a Tarayyar Sobiyet

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Da wannan niyya ce marubucin nan na Faransa, André Gide, ya sauka Mosko a watan Yuni na 1936, yana da shekara 66, bisa gayyatar hukumomin Tarayyar Sobiyet. An yi masa tarbon sarauta, har ya yi jawabi a babban dandalin birnin ranar jana'izar marubuci Maksim Gorki. Da ya koma gida sai ya fitar da ɗan littafi mai suna Retour de l'U.R.S.S. a watan Nuwamba, littafin da ya sa abokansa ƴan kwaminisanci suka juya masa baya, suna kiransa maci amana. Malaman faransanci sun saba yaba wa littafin a matsayin misalin marubucin da ya fifita gaskiya bisa jam'iyya. Yabon yana kan hanya, amma akwai wurin da idon Gide bai kai ba, kuma wurin shi ne tushen zancen.

Ƙasar da ya tarar ba ta yi shekara 8 da soma shirinta na farko na shekaru biyar ba, wanda aka ƙaddamar a 1928. A ɗan wannan lokaci an gina masana'antar tarakta a Stalingrad, an datse kogin Dniepr don samun lantarki, an kuma tayar da birnin ƙarfe na Magnitogorsk a fili fetal gindin duwatsun Ural. Injiniyoyin Amurka aka ɗauko haya suka zana da yawa daga cikin waɗannan ayyuka, abin da farfagandar lokacin ba ta cika son ambato ba. Ƙarfen da ƙasar ke narkawa ya tashi daga kimanin tan miliyan 4 a 1928 zuwa wajen miliyan 18 a 1940. Tun a Fabrairun 1931 Stalin ya shaida wa shugabannin masana'antu cewa ƙasashen da suka ci gaba sun ba su ratar shekara 50 zuwa 100, kuma in ba su cike ta cikin shekara 10 ba za a murƙushe su.

Gide bai tsaya kan tan-tan na ƙarfe ba. Mutane ya duba, kuma nan ne ƙarfin littafin yake. Ya ga dogon layi a ƙofar kanti tun ba a buɗe ba, ya shiga ya tarar da kaya marasa inganci. Ya leƙa gidajen manoma a wata gonar haɗin gwiwa, ya iske kowane ɗaki tamkar ɗan'uwansa: kujeru iri ɗaya, hoton Stalin iri ɗaya, babu wani abu da zai nuna halin mai ɗakin. Ya lura cewa duk wanda ya zanta da shi, ra'ayin jaridar Pravda na safiyar ranar yake maimaita masa. Labarin da ya fi kama zuciya shi ne na garin Gori, mahaifar Stalin, inda ya so buga wa shugaban wayar godiya, aka ce ba za a aika ba sai ya ƙara kalmomin kambamawa bayan sunan. Babban marubuci ke nan aka tilasta wa yin kirari kamar maroƙi. Shafi ɗaya irin wannan ya fi dogon bayani nuna yadda tsoro ya shiga har cikin nahawun mutane.

Sai dai baƙo, in ji masu iya magana, ko da ido makaho ne. Gide ya zo ne bayan an soke rabon burodi da kati a farkon 1935, wato lokacin da ciki ya ɗan lafa. Tambayar da bai yi ba ita ce: da me aka sayi injunan Magnitogorsk? Da hatsin manoma aka saye su. Daga 1929 an tilasta wa ƙauyawa shiga gonakin haɗin gwiwa, an kwashe waɗanda aka laƙaba wa sunan kulak zuwa Sibiriya da makamantanta, hukuma ta riƙa ɗebe hatsi tana sayarwa waje, kusan tan miliyan 5 a 1930, haka kuma a 1931. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe mutum aƙalla miliyan 5, akasari a Yukren da Kazakistan. Gide ya ratsa kudancin ƙasar shekara 3 kacal bayan haka, ana shimfiɗa masa liyafa, kuma wannan yunwa ba ta da gurbi a littafin. Duk wanda ya tashi a ƙasar da ake auna shekara da cikar rumbu zai ji girman wannan giɓi fiye da mai karatu na Paris.

Haka ma batun Stakhanov, mai haƙar gawayin da aka ce ya fasa tan 102 a aiki ɗaya a watan Agustan 1935. Gide ya ɗauki abin a matsayin dabarar zaburar da mutane masu kasala. Wannan fassara ce ta mai kallo daga nesa. Ma'aikatan ƙauyawa ne da suka baro garma jiya, ana biyan su gwargwadon abin da suka fitar, kuma bajintar mutum ɗaya, da aka shirya da taimakon wasu, ita aka mayar ma'aunin da za a matsa wa saura.

Abin mamaki, Gide ya san irin wannan ciniki. Shi ne ya zagaya Kwango da Cadi a 1925 da 1926, ya tona asirin kamfanonin roba da aikin tilas a cikin Voyage au Congo da Retour du Tchad, a zamanin da ake kwasar Sarawa daga kudancin Cadi zuwa aikin layin dogo na Congo-Océan, inda dubbai suka mutu. A can ya tambayi wane ne ya ɗauki kayan. A Rasha kuwa, inda fursunoni suka haƙa mashigin ruwan Farin Teku tsakanin 1931 da 1933, ya fi damuwa da ƴancin tunani bisa wuyan ɗan dako. A littafi na biyu, Retouches, na 1937, bayan an zarge shi da jahiltar tattalin arziki, ya kawo alƙaluman albashi da zancen waɗanda aka kora gudun dole. Littafin ya fi na farko nauyin hujja, ya kuma fi shi bushewa.

Masu kare Stalin suna da amsa guda mai ƙarfi, kuma bai kamata malami ya ɓoye wa ɗalibai ita ba. Shekara 10 bayan jawabin 1931, a Yunin 1941, Hitila ya afka wa ƙasar. An kwance masana'antu fiye da 1500 aka kai gabas, ƙarfen Ural ya zama tankokin da suka isa Balin a 1945. Bom na nukiliya ya biyo baya a 1949, tauraron Sputnik a 1957. Littafin Gide ba shi da abin cewa kan wannan, domin bai auna ƙarfin da ke taruwa a gabansa ba. Amma abin da ya auna, wato al'ummar da ba ta iya faɗa wa shugabanta an yi kuskure, shi ne ya rage bayan ƙarfen ya yi tsatsa, har ƙasar ta wargaje a Disamban 1991. Gide ya sadaukar da littafin ga abokin tafiyarsa Eugène Dabit, wanda ya rasu a Sebastopol cikin Agustan 1936, a makon da ake shari'ar Zinoviev da Kamenev a Mosko.