Bonsai: Bishiyar da Ake Gada Daga Hannu Zuwa Hannu

A lambun bishiyoyi na gwamnatin Amurka da ke Washinton akwai wata bishiyar matsu, mai ganye siri-siri kamar allura, wadda ba ta kai tsayin mutum ba. Tun shekarar 1625 ake renonta a cikin tukunya. Ranar 6 ga Agusta 1945, lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, tana gidan iyalan Yamaki, kimanin kilomita uku daga inda ya fashe, katanga ta kare ta. A 1976 Masaru Yamaki ya sa ta cikin bishiyoyi 53 da Japan ta ba Amurka kyauta don bikin cika shekara 200 da samun 'yanci, bai ce uffan ba game da bam ɗin. Sai a 2001, da jikokinsa biyu suka kai ziyara, aka ji labarin.

Bam ɗin ne ke sa masu kallo riƙe baki. Amma masu sana'ar bonsai sun fi jinjina wa wani abu dabam: shekara ɗari huɗu ke nan ba a rasa mai ba ta ruwa ba. Uba ya mutu, ɗa ya ɗauki butar.

Kalmar bonsai ta Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin faranti. Asalin al'adar daga ƙasar Sin yake, inda wani zanen bango a kabarin Yarima Zhanghuai na shekarar 706 ya nuna bara ɗauke da ƙaramin lambu a akushi. Japanawa suka karɓa, suka rage tarkace, har ya zama bishiya ɗaya da tukunyarta sun wadatar. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Tokiyo a 1923, masu renon suka ƙaura zuwa Omiya suka kafa ƙauyensu a 1925, sannan a 1934 aka buɗe baje kolin Kokufu, wanda har yau shi ne mizani a duniyar bonsai.

Da yawa suna zaton wani iri ne na wadannin bishiyoyi. Ba haka ba ne. Bishiya ce kamar kowace, in aka shuka ƙwayarta a fili za ta yi girman uwayenta. Hannu ne ke riƙe ta. Duk bayan 'yan shekaru mai reno yakan zare ta daga tukunya, ya sa tsinke yana tsefe saiwoyi a hankali kamar mai tsefe kitso, ya datse dogayen, ya bar ƙananan da ke shan ruwa, ya mayar da ita cikin akadama, wata jar ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa da ba ta riƙe ruwa ya kwanta. Rassa kuwa da wayar tagulla ko ta alminiyam ake naɗe su, a lanƙwasa kaɗan-kaɗan. Dole ido ya zauna a kan wayar, domin in reshe ya yi kauri ta nutse cikin ɓawo, tabon zai ɗauki shekaru yana tona asirin mai aikin.

Ga kuwa ƙa'idar da komai ya rataya a kanta: kada a ga hannun mutum. Gwani yakan fara duba gindi, yadda saiwoyi suka bazu suka kama ƙasa, abin da suke kira nebari. Daga nan ya bi gangar jiki, ya ga ko tana sirancewa zuwa sama. Akwai salon miƙaƙƙiya, chokkan. Akwai kengai, mai zubowa ƙasa da bakin tukunya kamar wadda ta tsiro a gefen dutse. Har busasshen reshe akan feƙe, a shafa masa haɗin farar wuta ya yi fari fat, don ya yi kama da wanda tsawa ta faɗa wa. Tsufa da wahalar daji ake son a gani a jikinta.

Masahiko Kimura, wanda aka haifa a 1940, ya girgiza wannan ƙa'ida da ya shigo da injinan sassaƙa. Magabata suka ce ya mayar da bishiya gunki. Matasa suka bi shi. Gwanintarsa ba ta da shakka, amma masu kwaikwayonsa da yawa sun cika sassaƙa har ta danne rayayyen ganye.

Babban tabon al'adar yana wani wuri. Son tsohuwar bishiya ya sa mutane suka riƙa hawa duwatsu da igiya suna tumɓuke wata bishiya da ake kira shimpaku, musamman a yankin Itoigawa, har suka kusa ƙarar da su a dawa. Kuɗi kuma ya jawo ɓarayi. A farkon 2019 aka sace bonsai bakwai daga wani lambu a Kawaguchi, ciki har da shimpaku mai kimanin shekara 400. Matar mai lambun ta fito tana roƙon ɓarawon ya ba bishiyar ruwa, don ba za ta kai mako guda ba tare da shi ba.

A Afirka ta Kudu ana renon kuka a tukunya, a ƙasashe masu zafi na Asiya kuma tsamiya. Mai karatu da abin ya ba sha'awa, ya fara da ƙwallon tsamiya da 'yar tukunya mai huji a gindi, ya ƙyale tsofaffin bishiyoyin dawa inda ya same su.