Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa: wa ya gano shi?

Fim ɗin "Der Waldmacher", wato Mai Raya Daji, na Volker Schlöndorff, Bajamushen da ya taɓa cin kyautar Oscar, ya shiga gidajen silima na Jamus a 2022. Labarin Tony Rinaudo ne, masanin noma ɗan Ostareliya da ya zo Nijar a 1981 ya yi aiki a yankin Maraɗi. Tun da labarin gonakinmu ne, ya kamata mu ma mu tofa albarkacin bakinmu.

Ga abin da ya faru a taƙaice. Rinaudo ya yi ta dashen itatuwa, rana da awaki da gara suna cinyewa. A 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba da kyau, ya ga toho ne daga kututturen iccen da aka sare tuntuni, saiwarsa na nan da rai. Ashe daji bai mutu ba, yana kwance ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: idan kalgo ko sabara ko aduwa suka toho a gona, manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Da yake saiwar ta riga ta kai ga danshi, iccen kan girma da sauri fiye da dashe. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan.

Fim ɗin ya burge ni a wurare biyu. Ya nuna Rinaudo yana hira da manoma da Hausa cikin raha, ba tafinta a tsakani, kuma bai ɓoye cewa manyan ayyukan dashe masu cin kuɗi sun sha faɗuwa ba.

Inda nake da ja shi ne sunan fim ɗin da abin da yake cusa wa mai kallo. Mutum ɗaya ba ya raya daji. Masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a hekta miliyan 5 na Nijar. Hannun wa ya yi wannan datsa in ba na manoma da matansu ba? A Magariya da Matamaye da Mirriya, gonaki sun cika da gawo ba tare da jiran wani shiri daga Maraɗi ba. Manomin Damagaram ya daɗe da sanin cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya don dabbobi. Tun kafin zuwan Turawa sarakunan Damagaram suke hukunta mai saran gawo.

To, in manoma sun san amfanin icce, me ya sa suka riƙa share gona ƙaf? Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar fim. Dokar gandun daji da muka gada daga mulkin Faransa ta mai da icce dukiyar gwamnati. Ka raini gawo a gonarka, ran da ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wa zai yi kiwon abin da zai jawo masa tara? Malaman gona ma sun koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda ba kututture. Ko a lokacin yunwar 1984, da ake kira El-Buhari, da aka ba da abinci don a bar itatuwa, da yawa sun sare su bayan an daina rabo. Abin ya zauna ne sa'ad da manomi ya tabbata iccen nasa ne, ya ci amfanin itacen girki da harawa, daga baya kuma dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa masa gwiwa.

Ba na rage wa Rinaudo lada. Ya ga abin da ƙwararru suka taka suka wuce, ya jure ana kiransa mahaukaci, kuma kyautar Right Livelihood da ya samu a 2018, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, ta dace da shi. Shi kansa yakan mayar da yabon ga manoma. Amma yadda ake ba da labari yana da sakamako. Yaron da ya tashi da jin cewa baƙo ne ya kawo mana daji zai zauna jiran wani baƙon, alhali gatarin masu gawayi ba ya jira.

Shawarata ga 'yan uwana na gidajen rediyo, mu ɗauki na'ura mu nufi ƙauyuka, mu naɗi tsofaffin da suka fara barin toho a gonakinsu ana yi musu dariya. Yawancinsu sun manyanta, kuma su ne suka san shekarar da kowane icce ya tsaya da ƙafarsa.