Ƙofar Mai Kaya: Daga Sharaɗa Zuwa Gonakin Burgandi

A bakin masana'antun Sharaɗa a Kano da hantsi, tireloli ne a jere, 'yan dako na zaune a inuwar katanga suna jiran a kira lodi, mai gadi na leƙowa ta 'yar taga. Ka ce masa bokiti biyu kake so, ko tabarmar roba ɗaya, sai ya yi maka kallon baƙo ya ce ka nufi Ƙofar Wambai. Kamfani da dila yake ciniki, wanda ya zuba kuɗinsa a asusu, wani lokaci tun ba a ƙera kayan ba, ya zo da takarda a loda masa mota guda. Daga dila sai ɗan sari, daga ɗan sari sai mai shago. Haka abin yake a Bompai da Challawa. Mutumin da ke kwana yana jin ƙugin injin taliya, sai taliyar ta je Kasuwar Singa ta dawo kafin ta shiga tukunyarsa.

A Faransa akwai wata al'ada da ta saɓa da wannan, ita ce zuwa gonar inabi a sayi giya hannu da hannu daga manomin da ya matse ta. Giya dai haramun ce a wurinmu, Kano kuma ta hana cinikinta bayan dawowar Shari'a a 2000, don haka ba abin da ke cikin kwalbar ne ya dame ni ba. Tsarin cinikin ne abin dubawa. Mai mota zai ga allo a bakin hanya, ya ratse. Manomi ko matarsa su sauka da shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ganguna ke jere, a zuba masa kaɗan ya ɗanɗana ya tofar a kwano, a nuna masa gangaren da inabin ya fito da shekarar da aka tsinke shi. In ya gamsu ya biya, a sa masa katan mai kwalba shida ko goma sha biyu a bayan mota.

Masu tallar yawon buɗe ido suna nuna abin kamar gadon kaka da kakanni. Ba haka ba ne, rikici ne ya haife shi. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya cinye saiwoyin inabin ƙasar, kaya ya yi ƙaranci, algus ya samu ƙofa. Aka riƙa haɗa giya da busasshen inabi da sukari, ana gauraya ta kudu da ta Aljeriya a liƙa mata sunan garuruwan da suka yi fice. A 1907 manoman yankin Languedoc suka yi bore kan wannan, dubun dubatarsu suka cika Montpellier. A yankin Burgandi kuwa, a lokacin manomi ganga yake sayarwa ga manyan 'yan kasuwa, su gauraya, su ɗura, su sa sunansu. Da irin su Marquis d'Angerville na Volnay da Henri Gouges na Nuits-Saint-Georges suka fito suna sukar algus, sai 'yan kasuwar suka juya musu baya, dole ta sa suka fara ɗurawa da kansu suna neman mai saye kai tsaye. A 1935 aka kafa dokar da ta ɗaure sunan wuri da abin da ƙasarsa ta fitar. A 1937 aka shata hanyar masu ziyara daga Dijon zuwa Santenay, kimanin kilomita 60, yankin Alsas kuma ya buɗe tasa a 1953.

Wato sai da doka ta tsare sunan gona kafin zuwa gonar ya yi ma'ana. Mai ziyara ba araha ta kai shi ba, don sau da yawa farashin bakin gona bai yi ƙasa da na kanti ba. Tabbaci ya je saye, da labarin da zai bayar a gida. Wani ɓangaren ma ya koma wasan kwaikwayo, ana karɓar kuɗin ɗanɗano, ana maimaita wa kowane ayari jawabi ɗaya. Gonakin da suka fi suna kuwa sun rufe ƙofa, kayansu a rabe yake ga tsofaffin abokan ciniki tun kafin a ɗura, babu bambanci da tsarin dila na Sharaɗa.

Mu namu tarihin ya bi wata hanya. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta riƙa bin hannuwa: manomi, ɗan baranda, wakilin kamfani irin su Alhassan Dantata, daga baya hukumar ciniki, har aka rushe hukumomin a 1986. Buhu na hawa dala, sunan ƙauyen da ya noma shi ya ɓace. Fata ta fi ban takaici. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara, Turawa suka san ta da sunan Maroko, inda suka same ta. Yau ma majemun zamani na Challawa da Sharaɗa suna tura fata Italiya da Sifaniya, ta zama jaka ko takalmi da tambarin wani. Ban ga kuma yadda masana'antar za ta yi marmarin baƙi ba, don wanda ya zaga bayan katanga zai ga launin ruwan da ke gangarawa kogin Challawa.

Amma kada a ɗora wa dillali laifin duka. Shi ne mai masaukin fatake, shi ke tsaya wa baƙo, shi ke ba da kaya bashi a biya bayan an sayar, in kaya ya fito da aibi shi ake kamawa. Abin da takardar kwalba ke yi wa Bafaranshe, fuskar dillali ke yi wa Bahaushe. Masu cewa a ture shi a tafi tushe ba su taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ba, inda kwanduna ke jibge a rana, manomi na duban hanya. In motar Legas ba ta zo ba, kafin jibi kayansa ya zama ruwa. Wannan manomin ba mai sayen kwano ɗaya yake addu'a ya gani ba. Giya tana jira shekaru a ganga, darajarta na ƙaruwa, shi ya sa mai ita ke da ƙarfin cewa a'a. Tumatir ba ya jiran kowa.

Inda kwatancen ya zauna shi ne kayan da ke ajiyuwa kuma suke da suna. Bahaushe ya san shinkafar Kura, albasar Aliero, raken Maƙarfi, rinin Ƙofar Mata. Sunayen suna ƙara kuɗi a kasuwa, sai dai kowa na iya ara, babu mai tuhumarsa. 'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu a nan: sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI da ke Yawunde a matsayin kayan da ke ɗaure da wurinsu, suka kuma tsare sunan cuku da na fatar jar akuyar Maraɗi. Rajista ba ta hana algus ita kaɗai, sai da masu bin sawu da kotun da za ta hukunta, kuma nan ne aikin yake.

Har inabin ma muna da shi. A Kudan da Hunƙuyi, kusa da Zariya, ana noma na ci, yana nuna cikin sanyin hunturu, gonakin kuma ba su da nisa da titin Kano. Ga kaya na halal, ga gona mai kyan gani, ga birane biyu cike da masu mota. Amma idan ya iso hannun masu kayan marmari a Kano, yakan zauna cikin roba kusa da na Afirka ta Kudu, wancan da takardarsa da sunan ƙasarsa, namu babu ko rubutun biro, sai mai saye ya tambaya kafin a ce masa na gida ne.